Zuwa ga Masu Naɗar Murya na Diffa da Fulatari: Kafin Ku Biya Kuɗin Makirufo



Da ku nake, samari da 'yan matan da kuka fara haɗa shirye-shiryen murya da kanku, abin da yanzu ake ce wa fodkas, a cikin garin Diffa da Maine-Sorowa da Fulatari da ƙauyukan da ke bin gaɓar Komadugu har zuwa Bosso. Wasunku daga gidajen rediyon al'umma kuka fito, wasu ɗaliban Jami'ar Diffa ne, wasu kuwa ba su mallaki komai ba sai wayar Tecno da kunnen da ya san labari in ya ji shi. Tambayar da kuke yawan aiko mini ɗaya ce: wane makirufo zan saya da ɗan abin da ke hannuna? Yawanci da hoto take zuwa, kuma hoton ba ya canzawa. Baƙin makirufo ne mai kauri, rataye a jikin ƙarfe, gaban wani mai shiri a YouTube.

Sunansa Shure SM7B. Ba zan kushe shi ba, kaya ne na gaske. Zuriyarsa ta faro tun 1973, kuma da irinsa na farko aka ɗauki muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982. Sai dai kuɗinsa a can inda ake ƙera shi ya kai wajen dalar Amurka 400, wato ya haura jika 200 na sefa tun ba a yi maganar kuɗin mota da na kwastan ba. Bayan haka muryar da yake fitarwa ƙasa-ƙasa ce ƙwarai, sai an haɗa shi da na'urar da za ta ɗaga ta da kusan desibel 60, irin wannan na'ura kuwa ita ma da nata kuɗin. Wanda ya tattara duk abin da ya tara ya saye shi, ya sayi ingarma ne ba shi da kuɗin harawa.

Ku fara da tambayar kanku inda muryar za ta je. Mai sauraronku ba ya zaune a ɗaki mai sanyi da babban hedifon a kunne. Manomin tattasai ne a fadamar Geskeru, wayarsa na aljihu, injin ban ruwa na ruri a gefensa. Makiyayi ne a bakin rijiya arewa da Maine-Sorowa, wanda aka tura wa shirin ta Bluetooth ko aka zuba masa a memori ranar kasuwa. Uwar gida ce a Sayam Foraj, ta jingina waya da bango tana dama fura. Kafin shirin ya iso gare su WhatsApp ya matse shi, sannan ya fito ta lasifikar waya wadda ba ta kai farce girma ba. Duk kaurin murya da ƙamshin sauti da ake biyan jika 200 dominsu, a hanya suke zubewa. Abin da ke isa gare su abu ɗaya ne: ko ana gane maganar, ko ba a ganewa. Kuma a harsunanmu gane magana ba ƙaramin abu ba ne. Hausa da Barebarci duk suna rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, Hausa da Fulatanci suna da ɓ da ɗ, in sauti ya dagule sai su koma b da d. Don haka tsabtar magana kuke nema, ba ƙawa ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: a ina za ku naɗa? Mai shirin da kuka gani a YouTube ya lulluɓe bangon ɗakinsa da soso, tagarsa gilashi biyu, wutarsa ba ta ɗaukewa. Ku kuwa ɗakin siminti ne da rufin kwano, janareton maƙwabci na aiki, fanka na juyawa don a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 ba wanda zai iya kashe ta na rabin sa'a, akuya na kuka a tsakar gida, mai sayar da ruwa na ƙwanƙwasa ƙofa. Makirufon da ya dace da ku shi ne wanda zai ji ku ya ƙyale waɗannan.

A nan ne ya kamata ku san cewa makirufon magana iri biyu ne, kuma duk dogon surutun 'yan kasuwa a kan waɗannan biyun yake yawo. Na farko ana ce masa dainamik. A cikinsa akwai 'yar fata manne da naɗin siririyar wayar tagulla, naɗin kuma yana zaune cikin maganaɗisu. In kun yi magana iska ta kaɗa fatar, naɗin ya motsa, motsin ya haifar da 'yar wuta, wannan wutar ita ce muryarku. Ba ya bukatar batir, ba ya bukatar wutar NIGELEC, kuma yana jure faɗuwa da zafi da ƙura. Irinsa ne a hannun ladan da mai wa'azi da maroƙi a wajen biki. Na biyu shi ne kwandensa. Fatarsa ta fi siranta nesa ba kusa ba, tana daf da wani faranti na ƙarfe, kuma sai an ba shi wuta yake aiki, yawanci bolt 48 daga miksa ko wata na'ura. Yana jin abu kaɗan, har numfashi da motsin leɓe. A ɗakin naɗi na gaske wannan falala ce. A ɗakin kwano a unguwar da janareto ya fi mutane surutu, jarraba ce.

Za ku ji ana cewa dainamik ba ya jin hayaniyar ɗaki. Maganar ba haka take ba ɗari bisa ɗari, kuma gara ku fahimci dalilin da kanku, don shi ne zai cece ku ko da wane makirufo kuka riƙe. Sirrin yana cikin kusanci. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke shiga yana raguwa da desibel 6. Daga santimita 10 zuwa 20 an rasa 6, zuwa 40 an rasa 12, zuwa 80 an rasa 18. Janareton maƙwabci kuwa yana nan yadda yake, bai ragu da komai ba. Wanda ya ajiye makirufo a tsakiyar tebur ya koma ya jingina da kujera, dole ya ƙara ƙarfin ɗauka don a ji shi, da ya ƙara kuwa ya ƙara har da janareto da fanka da amsa-kuwwar bango. Dainamik an gina shi ne don a kusance shi, yatsu uku zuwa huɗu daga baki, ba ya fashewa ba ya ƙorafi. Shi ya sa ya fi dacewa da mu. Ku kuma nemi wanda ke ɗauka ta gaba ya toshe ta baya, a jikin kwali za ku ga zane mai kama da zuciya. In kun same shi, ku juya gindinsa wajen da hayaniya take fitowa, tagar titi ce ko fanka.

To wanne za a saya? In da waya ko kwamfuta kuke aiki kai tsaye, ni Samson Q2U nake nuna wa mutane, ko ɗan'uwansa Audio-Technica ATR2100x. Dukansu dainamik ne, kuma kowanne yana da ƙofa biyu a gindinsa: ta USB da za ta shiga waya ko kwamfuta yau, da ta XLR mai haƙori uku da za ta shiga miksa ranar da Allah ya hore. Akwai kuma ramin hedifon a jikinsu, kuna magana kuna jin kanku. Q2U yana kaiwa wajen dala 70 a kasuwannin waje, kusan jika 40. In kuwa kuna da miksa a hannu, ko gidan rediyon da kuke aiki yana ba ku aron tasa da dare, to Behringer XM8500 ya ishe ku. Kuɗinsa bai fi dala 25 ba, kuma in an matse shiri an tura ta WhatsApp, ƙalilan ne za su iya bambanta shi da wanda ya ninka shi kuɗi sau huɗu. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ai ba ado muka zo yi ba. Wanda ya ninka shi ɗin shi ne Shure SM58, da ke kasuwa tun 1966 kuma har yau ake ƙera shi kusan yadda yake. Wajen dala 100 ne. Mai hali ya saya, zai iya barin wa ɗansa gado. Amma ku yi hattara, da wuya a sami makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya kamarsa. In an miƙo muku SM58 sabo fil a kwali a kan jika 10, ku yi godiya ku mayar.

Akwai wanda na fi so ku guje wa, don shi ya fi cika shagunan kayan waya daga Farm Centre ta Kano har kasuwar Dole ta Damagaram: mai launin zinariya ko shuɗi da ake rubuta wa BM-800, wanda ke zuwa da hannun ƙarfe da raga da ƙaramin akwati mai maɓallan tafi da dariya. A hoto ya yi kama da na manyan gidajen rediyo, shi ya sa yake tafiya. Kwandensa ne mai arha, masana'antu barkatai ke buga shi da suna ɗaya, don haka guda biyu ma ba lallai su yi sauti iri ɗaya ba. In bai sami isasshiyar wuta ba muryarsa can ƙasa take, in an ɗaga ta sai huci ya biyo baya. Blue Yeti kuma, wanda ya yi suna tun fitowarsa a 2009, kaya ne mai kyau, sai dai shi ma kwandensa ne, ɗaki mai shiru yake so, kuma mutane sun saba ajiye shi nesa da baki.

Duk wannan maganar ɗaki ce. Amma shirin da ya fi daraja a yankinmu ba a ɗaki yake ba. Labaran duniya akwai masu kawo su: BBC Hausa tana yi tun 1957, Studio Kalangou na Yamai yana rarraba shirye-shirye ga rediyoyin al'umma tun 2016. Abin da ba wanda zai naɗa in ba ku ba shi ne tsohon da ya san sunan kowace rijiya tsakanin Fulatari da N'Gel Beyli da wanda ya haƙa ta, da matar da za ta faɗi yadda aka yi noman tattasai kafin dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 da yadda aka yi bayan an hana hawa babur da cinikin kifi, da masuncin da ya ga ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ya kuma san bambancinsu da ta zamanin ƙuruciyarsa. Waɗannan ba za su zo ɗakinku ba. Ku za ku je, kuma a can abokin gaba ya canza. Ba janareto ba ne, iska ce.

A Fulatari babu abin da ke tare iska, daga tudun rairayi take zuwa kai tsaye. Iska in ta bugi fatar makirufo ba ta yin shuu kamar yadda kunne ke ji, gurnani take yi mai danne magana gaba ɗaya, kuma babu manhajar da za ta wanke shi tsaf bayan an dawo gida. Soson da ke zuwa cikin kwali yana maganin hucin baki, wato bugun da f da b suke yi, amma ba ya iya wa hunturu. Sai kun sa masa rigar gashi, wadda ake sayarwa daban da kuɗi kaɗan. In ba ku samu ba, tela zai ɗinka muku da ƙyallen bargo mai dogon gashi, a saka a kan soson. Sannan ku zauna yadda bayanku zai tare iskar, ko ku nemi gefen bukka. Bukkar zana da tabarmi, in kuna son sani, ta fi ɗakin siminti daɗin sauti nesa, don ciyawa tana shanye murya ba ta mayar da ita. Haka ma ɗakin laka mai katifa da labule da kaya rataye. A gari in kuna da zaɓi tsakanin falo mai tayil da ɗakin tsohuwa, ku roƙi tsohuwa.

Akwai kuma abin da littafin makirufo ba zai gaya muku ba. Dainamik yana son yatsu huɗu daga baki, amma ba kowane baki ake kai wa hannu haka ba. Yaro ba ya miƙa ƙarfe daf da gemun lawani ko arɗo yana riƙe, namiji kuma ba ya kai hannu kusa da fuskar matar aure. A irin wannan wuri ɗan makirufon maƙalawa a riga ya fi. Boya BY-M1 shi ne wanda aka fi samu, bai kai dala 20 ba, igiyarsa mita 6, yana da ɗan batir LR44 irin na agogo da maɓallin da ke zaɓa tsakanin waya da kyamara. Ku miƙa wa dattijo ya maƙala da kansa, tazarar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. In mace ce, wata mace ta maƙala mata, kuma a waje da hijabi, don in ya shiga ciki duk motsin da ta yi gogar ƙyalle za ku ji. Mai rawani da ya rufe baki, ku bari sai hira ta yi daɗi an sha shayi na farko, yawanci da kansa yake sauke amawali. Wannan ɗan makirufon ta ko'ina yake ɗauka, ba ya toshe baya, kusancinsa da ƙirji kawai ke taimakonsa, saboda haka ku nisanci turmi da garken awaki. Kuma kafin ku danna naɗi, ku faɗa wa mutum inda muryarsa za ta je, ku tambaye shi ko a ambaci sunansa. A yankin da aka shafe shekaru cikin dokar ta-ɓaci, murya tana iya jawo wa mai ita abin da bai nema ba. Ƙaramin kaya ma ya fi sauƙin bayani a shingen bincike a kan hanyar Diffa zuwa N'Gigmi fiye da jaka cike da wayoyi da eriya.

Marasa igiya masu arha da suka cika gari yanzu, waɗanda ake soka ɗan kansu a gindin waya, suna da daɗin ɗauka, ba musu. Ga gajeren bidiyo sun wadatar. Ga hirar minti 40 ba na ba da shawararsu. Na'urar rage hayaniyar da ke cikinsu tana cin gefen kalmomi har murya ta koma kamar daga cikin ruwa, batirinsu kuma a rufe yake, ranar da zafi ya kashe shi kayan ya mutu ke nan.

In shirinku na mutum biyu ko uku ne a zaune, kada ku sayi makirufon USB guda biyu kuna zaton za su shiga waya ɗaya. Wahala ce. Nan ne ƙofar XLR take nuna amfaninta. Zoom PodTrak P4 yana karɓar makirufo 4, yana aiki da batir AA guda 2 ko da fawa bank, yana naɗa a memori ba tare da kwamfuta ba, kowane mutum da layinsa. Kuɗinsa tsakanin dala 150 da 200. Ya yi wa mutum ɗaya yawa, amma in ku huɗu ne kuka haɗa kuɗi kuka ƙara XM8500 guda biyu ko uku, kun sami abin da ba ruwansa da ɗaukewar wuta, kuma duka bai kai kuɗin SM7B shi kaɗai ba.

Yanzu maganar saye. Daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300, Kano da Maiduguri kuma sai an ƙetare iyaka, ga canjin naira da sefa da ke motsi kullum. Kayan da aka saya aka kawo ba ya komawa. Don haka ko ku je da wayarku, ko ku aika wanda zai gwada da waya irin taku sak. Wayoyi da dama na Tecno da Infinix da Itel sai an shiga saiti an kunna OTG kafin su ga makirufon USB, wasu manhajojin naɗi kuma ko an soka suna ci gaba da ɗauka da makirufon cikin waya ba tare da sun faɗa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a fara naɗi, a ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, a ƙwanƙwasa gindin wayar, a saurara a ji wanne ya fi ƙara. In mai shiga ramin hedifon ne, a ƙirga zoben da ke jikin bakinsa. Mai zobe 3 na waya ne, mai zobe 2 na kyamara da na'urar naɗi ne, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya sai da mahaɗi. A murɗa igiyar a hankali daga farko zuwa ƙarshe ana naɗi, in an ji ƙaras-ƙaras a canza. Kada a gwada ta lasifikar mai shago, wadda ya ƙure wa amo don ta burge. A naɗa, a tura wa wani ta WhatsApp, a saurara a wayarsa a tsakiyar kasuwar. Haka masu sauraro za su ji.

Ko nawa ne a hannunku, kada ya ƙare a makirufo. Ku bar kashi ɗaya cikin uku don hedifon mai rufe kunne, da igiya ta biyu, da mahaɗin OTG na ajiya, da rigar iska, da fawa bank. A cikin kayan nan igiya ce ke fara mutuwa, kuma ba ta mutuwa sai ranar da kuka yi tafiyar yini guda don hira ɗaya. Hedifon kuwa shi ne bambancin wanda ya gano matsala yana wurin da wanda ya gano ta bayan ya dawo gida. Kada ku naɗa waya na jone da caji, musamman a kan janareto ko inbata ta sola, don wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa tana shiga sauti ta zama gunji. Ku sa wayar a yanayin jirgi, kira ɗaya yana iya yanke hirar da ba za ta maimaitu ba.

Ƙura kuma sai an yi da gaske. Maganaɗisun da ke cikin dainamik yana jawo ɗan ƙarfen da ke cikin rairayi, a hankali ya taru a kan fatar. Ku riƙa ajiye shi cikin leda mai zif ko gwangwani mai murfi, ba a kan tebur ba. Kan ragar SM58 da XM8500 da Q2U yana kwancewa, a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a bari ya bushe sarai kafin a mayar, amma kada ruwa ya taɓa cikin. Ku daina hura makirufo ko buga shi da tafin hannu don jin ko yana aiki, magana ta isa. Da damina, masu zama kusa da kogi su jefa 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a cikin ledar.

In kun gama gyara shiri, a Audacity ne ko a waya, ku fitar da shi MP3 mai layi ɗaya a kan kilobit 64. Minti 20 bai kai megabait 10 ba, kuma magana tana fita tsaf. Wanda ke Fulatari yana ɗaga waya sama yana neman layin Airtel ko Moov zai iya sauke shi kafin layin ya gudu, ya kuma tura wa na kusa da shi ba tare da ya sake sayen data ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Diffa